Rubutu da Alƙalamin Burushi a Kan Fentin Ruwa: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini

Tun da na fara rubuta katunan biki da na suna da hannu a nan Kano, tambayoyin da ake yi mini kusan iri ɗaya ne, ko a ɗakin da nake koyar da 'yan mata ranar Asabar, ko a waya. Shi ne na tattara su wuri guda. Yawancin masu tambayar mata ne, don haka za ku ji ina ta cewa "ki". Maza a yi haƙuri, amsar ta kowa ce.

Malama, mene ne alƙalamin burushi? Ba maka ba ce irin ta 'yan makaranta?

Bakinsu ne ya raba su. Bakin maka a sandare yake, duk yadda kika danna shi layi ɗaya zai ba ki. Na alƙalamin burushi yana lanƙwasa. Idan kika taɓa takarda da tsininsa kawai, layi siriri zai fito kamar zare, idan kika danna sai ya buɗe ya yi kauri. Tawadar tana cikin jikinsa, ba a tsoma shi. Daga Japan ya fito, inda dama can da burushi suke rubutunsu na gargajiya. Kamfanin Kuretake na garin Nara, wanda ya fara da haɗa tawada a 1902, ya fitar da nasa a 1973.

Akwai masu ƙaramin baki, irin su Tombow Fudenosuke da Pentel Touch, akwai masu babban baki irin Tombow Dual Brush. Mai koyo ta fara da ƙarami mai ɗan tauri. Babban yana da kyau a ido, amma a hannun sabon shiga kamar doki ne marar linzami.

Ta yaya ake samun wannan kauri da siranta a harafi ɗaya?

Ƙa'ida ɗaya ce: idan hannu zai hau sama a sassauta, idan zai sauko a danna. A riƙe alƙalamin a kwance-kwance, wajen digiri 45, kada a tsayar da shi cak kamar biro, domin a tsaye tsinin ne kawai yake shan wahala. Sannan ba a rubuta kalma a ja ɗaya. Kowane harafi ana gina shi ne daga ja biyu ko uku, ana ɗaga hannu tsakaninsu. Wanda ya ga rubutun a gama sai ya ɗauka a guje aka yi shi, alhali tafiyar hawainiya ce.

Abin da na lura da shi a aji: masu zanen lalle sun fi kowa saurin kamawa. Hannun da ya saba matsa leda daidai gwargwado don fure ya fito a bayan hannun amarya ya riga ya san danna da sassauci. Waɗanda suka fi shan wuya kuwa, abin mamaki, su ne masu kyan rubutun allo. Alƙalamin kara ba ya lanƙwasa, kaurinsa da sirantarsa daga yadda aka fere bakin ne da yadda aka karkata shi. Sai hannun ya yi mako biyu ko uku yana gardama kafin ya yarda cewa a nan nauyi ake sauyawa.

Wace takarda zan saya? Na gwada a kan farar takardar A4 ta dagule.

Dole ta dagule. Takardar A4 ta shagon fotokwafi giram 80 ce (a kowace murabba'in mita, yadda ake auna takarda), tana shan ruwa ta kumbura ta yi tudu da kwari, fentin ya taru a kwarin. Takardar fentin ruwa da aka fi amfani da ita giram 300 ce, kusan ninki huɗu. Ba kauri kaɗai ba ne: an sa mata wani sinadari mai riƙe ruwa a samanta na ɗan lokaci, don fentin ya samu damar yawo kafin ya nutse.

A jikin fakitin yawanci za ki ga ɗaya daga cikin rubutu biyu. Cold Press ita ce mai ɗan kaushi, Hot Press ita ce mai santsi. A nan rigimar take, domin fenti ya fi son mai kaushi, alƙalami ya fi son mai santsi. Kaushin da yake sa launi ya kwanta da kyau shi ne yake cinye bakin alƙalami kamar yadda dutsen kaushi yake cin diddige. Ni dai na tsaya a kan mai santsi idan rubutun ƙanana ne kuma da yawa. Idan kalma biyu ce manya, irin "Barka da Sallah", ina ɗaukar mai kaushi in yi rubutun da tsohon alƙalamin da ba na jin ciwon lalacewarsa.

Ta auduga zalla, irin Arches ta Faransa, ita ce sarauniya, amma kuɗinta ba na koyo ba ne. Ki fara da wadda aka yi da itace irin Canson, ki yanka kowane falle gida huɗu. Atisayen harufa kuwa, wanda babu ruwa a cikinsa, ki yi shi a kan takarda mai santsi mai araha, kada ki ɓata ta giram 300.

Kafin ki sa ruwa, ki manna gefuna huɗu a jikin katako ko tire da salatif ɗin takarda, irin wanda masu fentin mota suke amfani da shi. Kada ki cire sai ta bushe ƙarau, kuma ki ja shi a hankali zuwa waje. Idan duk da haka ta lanƙwashe, ki ɗan shafa ruwa a bayanta, ki sa ta tsakanin fararen takardu biyu, ki ɗora littattafai masu nauyi ta kwana.

Wanne ake fara yi, fentin ko rubutun?

Fentin. Shi ne shimfiɗa, rubutu kuma baƙo ne, ba ya zama sai an gama shimfiɗa masa.

Dalilin yana cikin tawadar. Tawadar alƙaluman nan iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda take narkewa da ruwa ko bayan ta bushe. Ita ce a cikin Tombow Dual Brush da Pentel Touch. Akwai ta garin launi, wadda idan ta bushe ruwa ba ya motsa ta. Ita ce a cikin Sakura Pigma da Faber-Castell Pitt. Idan kika rubuta da ta farko sannan kika bi da fenti, rubutun zai zubo kamar kwalli a idon mai kuka. Da ta biyun za ki iya juya tsarin, ki rubuta sannan ki yi fenti, amma ko ita sai an ba ta lokaci ta bushe.

Kada ki yarda da abin da aka rubuta a jikin alƙalami, balle maganar mai shago. Ki ja layi a guntun takarda, ki bar shi minti goma, ki ɗiga masa ruwa. Abin da kika gani shi ne gaskiya.

Sai kuma babbar ɓarnar da kowa yake yi sau ɗaya: rubutu a kan shimfiɗar da ta bushe a ido amma ba ta bushe a ciki ba. Ki ɗora bayan hannunki a kai. Muddin kin ji sanyi, akwai ruwa. Na taɓa rubuta sunan jaririya a kan shimfiɗa mai ruwan hoda daren suna, ina sauri, harufan suka tsiro gashi-gashi ta kowane gefe. Sai da na sake sabo bayan sallar asuba.

To ita shimfiɗar, yaya ake yin ta?

Ki jiƙa wurin da ruwa zalla da babban burushi har ya yi ƙyalli amma bai kwanta ba. Ki ɗiga launi biyu, iyaka uku, ki bar su su nemi juna da kansu. Kada ki yi ta dama su. Ki zaɓi launukan da suke maƙwabtaka: shuɗi da kore, ruwan hoda da ruwan goro, shuɗi da ruwan makuba. Ja da kore idan suka haɗu ruwan kwata suke bayarwa, haka shuɗi da ruwan lemo.

Fentin ruwa yana yin haske idan ya bushe, amma kada wannan ya sa ki cika shi. Inda rubutu zai zauna ya zama mafi haske a duk takardar, duhun ya koma gefe. Idan kina son ado, ki barbaɗa gishiri kaɗan lokacin da ƙyallin ya fara raguwa. Yana jan launi ya bar tabo kamar taurari. Ki kakkaɓe shi tas bayan ya bushe, domin ƙwaya ɗaya da ta rage tana iya yaga bakin alƙalami.

Ina bin bidiyo daki-daki, amma nawa yana bushewa kafin launukan su haɗu. Me nake yi ba daidai ba?

Tambaya ta farko da nake mayarwa ita ce: a wane wata kika yi? Yawanci amsar Disamba ce ko Janairu. Masu bidiyon nan a ƙasashe masu laima suke, takardarsu tana zama a jiƙe har su gama hira. A hunturun Kano, iskar da take fasa leɓe da diddige ita take shanye ruwan takardarki, kuma ba ta jira. Kina juyawa ɗauko launi na biyu, gefen na farko ya riga ya bushe ya ja iyaka mai kaifi.

Don haka a hunturu da bazara ana sauya tsari. Ki dama launukanki duka su zama a shirye kafin ki taɓa takarda. Ki jiƙa takardar sau biyu: na farko ki bar shi ya nutse, na biyu shi ne na aiki. Ki kashe fanka, ki rufe taga. Ki yi ƙananan katuna maimakon babban falle. Ki ajiye 'yar kwalbar fesa ruwa kusa da ke. Tsohuwar kwalbar turare da aka wanke sosai tana yi. Kuma idan kin gama, ki kifa faifai ko tire a kai, a ɗan ɗage, don ƙura tana son jiƙaƙƙen fenti, kuma idan ta zauna ba ta tashi.

Damina kuma akasin haka ce. A watan Agusta takarda tana shan laima tun tana cikin fakiti, shimfiɗar da take bushewa cikin 'yan mintuna a Janairu sai ta ɗauki awa ko fiye. Lokacin ne aka fi samun rubutu mai gashi. Idan akwai wuta, na'urar busar da gashi tana taimakawa, daga nesa-nesa. In babu, ki yi shimfiɗu da yawa yau, ki yi rubutu gobe. Kada ki rufe akwatin fenti yana jiƙe a damina, yana yin fumfuna.

Zafin Afrilu kuwa alƙaluman yake ci. Wanda aka manta a mota da rana, ko aka bari babu murfi na ɗan lokaci, ya tafi. Ki riƙa jin ƙarar murfin ya shiga, masu baki biyu kuma a ajiye su a kwance.

Ruwan ma yana da magana. Na wasu rijiyoyin burtsatse yana da zartsi, yana dusashe launi. Idan kin ga haka, leda ɗaya ta fiya wata ta ishe ki aikin yini.

Ba ni da fentin ruwa. Akwai dabara?

Akwai. Ki sami farar leda mai tsabta, ki goga mata maka ta ruwa launi biyu, ko ta yara ce, ki fesa ruwa kaɗan, ki kifa ta a kan takarda ki shafa da yatsa, ki ɗaga. Shimfiɗa ta samu.

Amma ga abin da nake so 'yan ajina su sani. Fentin ruwan nan da ake kawo mana daga waje a ƙananan akwatuna, garin launi ne da ƙaro, sai ɗan zuma ko gilisarin don kada ya tsattsage. Ƙaron nan dai na bishiyar dakwara ne, irin wanda ake tsinta a Jigawa da Yobe da Borno, a loda shi a buhu a kai Turai. Shi ne kuma malaman allo suke zubawa a tawada don ta kama. Wato rabin sirrin akwatin a Kasuwar Kurmi yake. Idan kika jiƙa ƙaro ya narke, kika tace, kika niƙa shuni da shi har ya yi laushi, kin haɗa fentin ruwa na gaske, da launin da Kano ta yi suna da shi a marinar Ƙofar Mata da ake ƙirga kafuwarta daga 1498. Jar ƙasa da aka tankaɗe aka rairaye tana yin haka, bula ta wanki ma tana ba da shuɗi mai haske.

Zoɓo da shayi da kurkum suna ba da launi mai daɗin kallo. Zoɓo ma yana da wasa: ja ne a kofi, ya taɓa takarda ya juye ruwan makuba, lemon tsami ya mayar da shi ja, ruwan kanwa ya kai shi kore. Sai dai ba sa daɗewa, zoɓo da kurkum musamman, haske yana cinye su. Na wasa ne da yara, ban yarda a sayar wa mutum da su ba.

Littattafan koyon da na samu babu ɓ, ɗ da ƙ. In bar lanƙwasar kawai?

A'a, don Allah. An taɓa nuna mini allon ƙofar gida mai kyan gaske, fure ko'ina, an rubuta "Maraba da baki". Baƙi ake nufi. Haka ƙura take komawa kura, ɗaki ya koma daki. Tun shekarun 1930 aka shigo da harufan nan masu lanƙwasa cikin rubutun boko, kuma duk ƙawar da rubutu ya yi, idan ya sauya ma'ana ya faɗi.

Matsalar ita ce a salon haɗe-haɗe, b da d da k suna da madauki a sama, kamar yadda l da h suke da shi. Idan kika yi wa d madauki kuma kika yi wa ɗ lanƙwasa, mai karatu ba zai bambance su ba. Abin da nake yi: a rubutun Hausa ba na yi wa b, d, k madauki sam, sandarsu a miƙe take. Sai ɓ, ɗ, ƙ su kaɗai su samu ƙugiya, a buɗe, tana kallon dama. Ina fara ƙugiyar da tsinin alƙalami, siririya, in zagayo, sannan in danna in sauko da sandar. Da haka lanƙwasar takan zama ita ce adon kalmar. Ki gwada rubuta "ƙauna" ko "haɗuwa" ki gani.

Alamar da take kan 'ya'ya da ɗan'uwa da sana'a ita ma harafi ce, ki bar mata gurbinta tun a zanen fensir. Kuma ki tambayi mai kati yadda yake rubuta sunansa, harafi-harafi, a rubuce. Muhammad da Muhammed da Mohammed duk suna nan, kowa kuma nasa yake so.

Ana iya rubuta ajami ko aya da shi?

Ajami yana yiwuwa, sai dai ba zai ba ki irin rubutun da idon Bakano ya saba da shi ba, mai kauri da nauyi irin na Alƙur'anin da marigayi Sharu Bala Gabari ya rubuta da hannu. Wannan aikin alƙalami mai faffaɗan baki ne. Idan shi kike so, ki yi shimfiɗar da fenti, ki yi rubutun da alƙalamin kara da tawada. Suna zama lafiya a takarda mai santsi. Dama haɗa rubutu da launi ba baƙon abu ba ne a garin da ake yi wa allon sauka zayyana.

Aya kuwa, shawarata ita ce a kan abin da za a sa a firam a rataye kaɗai. Katin gayyata bayan biki a ƙasa yake ƙarewa. Kuma a kai wa malami ya duba kafin a miƙa, wasali ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Farin rubutu a kan shimfiɗa mai duhu fa?

Alƙalamin burushi na yau da kullum ba ya rufe duhu. Ki yi amfani da farin biro mai kauri irin Gelly Roll ko Uni-ball Signo, ki rubuta siriri, sannan ki koma ki ƙara wa layukan saukowa kauri. Ko ki rubuta da farin kyandir da aka fere tun kafin fenti. Ruwa ba ya kama kakin, sai rubutun ya fito da kansa.

Ni bahaguwa ce.

Ba komai. Ki karkata takardar zuwa dama, hannunki ya zauna a ƙasan layi, ki sa tishu a ƙarƙashin gefen hannun. Ƙa'idar danna da sassauci ba ta sauya ba.

Ina ake samun kayan, kuma ta yaya zan yanka kuɗin aikina?

Shagunan littattafai da kayan zane na Sabon Gari suna da fenti da burushi da salatif. Ƙaro da alƙalamin kara, Kurmi. Alƙaluman Japan da takardar giram 300 sau da yawa sai an yi oda, don haka ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku raba fakiti da kuɗin mota. Akwai jabu, kamanninsu ɗaya da na gaske. Idan mai shago ya yarda, ki ja layi biyar a gabansa ki ga ko bakin yana komawa tsininsa.

Wajen kuɗi, ki lissafa takarda biyu a kowane kati, domin ɗaya tana iya lalacewa, ki sa rabon alƙalami, sannan lokacinki. Ki karɓi rabin kuɗi kafin ki fara, musamman aikin biki, inda akan sauya rana bayan an gama rubutu. Idan kati ɗari biyu ake so, ba a rubuta su ɗaya-ɗaya. Ki yi guda mai kyau, a yi masa sikanin a kan 300 dpi (ma'aunin tsabtar hoto), a buga a maɗaba'a, ke kuma ki rubuta sunayen waɗanda aka gayyata da hannu. Abin da za a rataye kuwa, ki yi shi da tawadar garin launi, ki sa shi a bayan gilas, kuma ki gaya wa mai shi kada ya rataye a bangon da rana take duka da yamma.